Balan-balan mai ɗaukar mutane: Yadda yake tashi, da abin da zai tarar a kwarin Rima

A cikin dukkan abubuwan hawa da ɗan Adam ya ƙera domin ya bar doron ƙasa, babu wanda ya girmi balan-balan mai tashi da zazzafar iska. Ya riga jirgin sama zuwa duniya da shekara 120 cif. Ranar da ya fara ɗaukar mutane a birnin Faris na ƙasar Faransa, a 1783, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai cika shekara 30 da haihuwa ba, da sauran shekara 21 a yi hijira zuwa Gudu, kuma ba a gina ganuwar Sakkwato ba, balle a yi maganar ribaɗin Wurno.

Duk da wannan tsufa nasa, yawancin mutanenmu a hoto kawai suka san shi: wani abu kamar ƙaton tulu a kife, mai launi-launi, da kwando yana reto a ƙarƙashinsa. Waɗanda suka je yawon buɗe ido Turkiyya ko Dubai ko Masar sukan dawo da irin waɗannan hotuna su watsa a Facebook da Instagram, daga nan sai tambaya ta biyo baya: me zai hana a yi a nan gida? Tambayar ta dace da wuri irin kwarin Gulbin Rima, tsakanin Goronyo da Wurno, da kuma ƙasar Rabah da ke kudu da su, inda fadama da tudu da ruwa suka haɗu. Amsarta kuwa tana cikin halittar abin hawan kansa. Ba shi da sitiyari, ba shi da birki. Matuƙinsa hawa da sauka kawai yake iko da su. Inda za a nufa iska ce ke zaɓa, inda za a dira kuma sai filin da aka samu a gaba, ko na wane ne.

Yadda yake tashi

Sassansa uku ne. Akwai rigar, wato babban buhun nan da ake ɗinkawa da yadin nailan mara nauyi, wanda bakinsa na ƙasa ake yi da yadin da wuta ba ta saurin ci. Akwai murhu, wanda ke ƙona gas ɗin furofen, ɗan uwan gas ɗin girki, daga tukwanen da ake ɗaurewa a cikin kwando. Sai kuma kwandon, wanda har yau saƙa shi ake yi da rassa masu lanƙwasa. Masu ƙera shi ba su rasa ƙarfe ko roba ba. Saƙar ce ta fi shanye jijjiga idan an bugi ƙasa, kamar yadda kwandon kaba kan lotsa ya dawo daidai.

Sirrin tashin kuwa duk mai dafa abinci ya san shi: iska idan ta yi zafi sai ta buɗe, ta rage nauyi, ta yi sama. Kubik mita ɗaya na iska mai sanyin digiri 15 a ma'aunin Salshiyos nauyinsa ya kai kilo 1.2 da ɗan ɗoriya. Idan aka zafafa ta zuwa digiri 100, sai nauyin ya dawo ƙasa da kilo ɗaya kaɗan. Bambancin bai wuce giram 280 ba, abin da ko rabin mudun gero bai kai ba. Shi ya sa rigar take da girman da take da shi. Matsakaiciya, mai cin kubik mita 2,800, tana iya ɗaga kimanin kilo 780 a irin wannan sanyi, kuma a cikin lissafin har da nauyin rigar da kwandon da murhun da tukwanen gas. Abin da ya rage shi ne rabon mutane, huɗu ko biyar. Manyan da kamfanonin yawon buɗe ido ke amfani da su sun ninka wannan sau da dama, suna ɗaukar mutum 16 zuwa sama da 20.

A riƙe wannan lissafi, domin shi ne ke bayyana dalilin da ya sa zafin gari yake zama abokin gaba. Idan iskar waje ta kai digiri 35, rigar da ta ɗaga kilo 780 ba za ta wuce kilo 560 ba. An yi asarar nauyin manya uku ke nan. Ba kuma za a ce a ƙara wuta a cike giɓin ba, saboda nailan ba ya jure abin da ya zarce digiri 120 ba tare da ya lalace ba.

Idan matuƙi yana son hawa, sai ya danna murhu harshen wuta ya shiga cikin rigar. Idan sauka yake so, sai ya bar iskar ta huce, ko ya ja wata igiya da ke buɗe murfi a ƙoƙon rigar, zazzafar iska ta fita. Dabarar da ta rage masa wajen juya akala ita ce sanin cewa iska hawa-hawa take: wadda ke kusa da ƙasa tana iya nufar yamma, ta samanta kuma ta karkata kudu. Gwanin matuƙi yakan hau ko ya sauko ya nemi hawan da ya fi kusa da muradinsa. Iyakar tuƙin ke nan.

Akwai wani dangin balan-balan da ake cikawa da gas mara nauyi, haidurojin ko hiliyom, ba tare da wuta ba. Shi ne wanda ma'aikatan hasashen yanayi ke sakewa sama da na'urori, kuma shi ne irin na ƙasar Sin da Amurka ta harbo a Fabrairun 2023. Ba shi ne ake ɗaukar masu yawon buɗe ido da shi ba.

Daga Annonay zuwa Alƙahira

Wasu 'yan uwa biyu masu masana'antar takarda, Joseph da Étienne Montgolfier, su ne suka fara nuna wa jama'a abin a garinsu Annonay, ranar 4 ga Yuni, 1783. Ciyawa da ulu suke ƙonawa a ƙarƙashinsa, kuma sun ɗauka hayaƙin ne ke ɗaga shi. Ranar 19 ga Satumba suka maimaita a fadar Versailles a gaban Sarki Louis na 16, da fasinjoji uku: tunkiya da agwagwa da zakara. Bayan kimanin minti 8 suka sauka da ransu. A Oktoba aka gwada da mutum, amma an ɗaure abin da igiya. Sai ranar 21 ga Nuwamba Pilâtre de Rozier da wani basarake mai suna d'Arlandes suka tashi babu igiya, suka yi kimanin minti 25 a saman Faris.

A tsakiyar waɗannan gwaje-gwaje wani abu ya faru wanda ya shafi maganarmu. Ranar 27 ga Agusta na wannan shekara, wani masani mai suna Jacques Charles ya saki balan-balan na haidurojin babu kowa a ciki. Iska ta kai shi ƙauyen Gonesse, kimanin kilomita 20 daga Faris. Mutanen ƙauyen da suka ga baƙon abu ya faɗo musu daga sama yana huci, sai suka far masa da kayan noma suka yayyaga shi. Ba su yi wauta ba. Babu wanda ya gaya musu yana tafe.

Pilâtre de Rozier, wanda ya fara hawa, yana cikin waɗanda suka fara mutuwa a wannan harka: ya faɗo ranar 15 ga Yuni, 1785, yana ƙoƙarin ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. Soja ba su yi jinkirin ganin amfanin abin ba. A yaƙin Fleurus na 1794 Faransawa sun yi leƙen asirin abokan gaba daga cikin kwando, kuma lokacin da aka yi wa Faris ƙawanya a 1870 zuwa 1871, sama da balan-balan 60 ne suka fitar da wasiƙu da mutane daga birnin.

Afirka ta gan shi da wuri. Da sojojin Napoleon suka mamaye Masar a 1798, sun tashi ɗaya a Alƙahira domin su burge jama'a. Bai jima ba ya faɗo, kuma masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya rubuta labarin, ya kwatanta shi da abin wasan takarda da ake sakewa sama lokacin bukukuwa. A 1863 marubucin nan Jules Verne ya fitar da ƙagaggen labarinsa na wasu Turawa uku da suka ratsa Afirka a balan-balan cikin mako biyar, daga Zanzibar ta kan Tafkin Chadi da Timbuktu har Senegal. Verne bai taka waɗannan wurare ba, rahotannin matafiya ya dogara da su, cikinsu har da Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya zauna a Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Barth dai a kan doki da raƙumi ya ga ƙasar, cikin ƙura da zazzaɓi.

Bayan zuwan jirgin sama harkar ta kwanta, har sai da wani Ba'amurke, Ed Yost, ya haɗa nailan da murhun gas ya tashi a Jihar Nebraska ranar 22 ga Oktoba, 1960. Duk wanda ake hawa a yau jikan wannan ne. A 1987 Richard Branson da Per Lindstrand suka ƙetare Tekun Atilantika da shi. A Maris na 1999 Bertrand Piccard da Brian Jones suka kewaye duniya ba tsayawa cikin kusan kwana 20, da wani nau'i mai haɗa hiliyom da zazzafar iska, suka sauka a hamadar Masar. Bikin da ake yi duk Oktoba a Albuquerque ta Amurka ya fara da balan-balan 13 a 1972, yanzu ɗaruruwa ke tashi. A Afirka kuwa sana'ar ta kafu a Luksor ta Masar, da dajin Masai Mara na Kenya, da Serengeti ta Tanzaniya, da kewayen Marrakesh a Maroko.

Safiyar hawan farko

Wanda ya biya kuɗin hawa a ɗaya daga cikin waɗannan wurare, ya shirya tashi tun kafin kiran assalatu. Da duhu ake zuwa ɗaukarsa, don haka ya yi tanadin inda zai yi sallar Asuba, domin sau da yawa a filin tashi take riskar mutane. Dalilin sammakon shi ne iska ta fi kwanciya da ketowar alfijir. Da rana ta dumama ƙasa, iska mai zafi takan riƙa tasowa gungu-gungu, ta yi ta wasa da rigar yadda matuƙi ba zai iya riƙe ta ba.

A filin za a shimfiɗa rigar a ƙasa, a kwantar da kwando a gefensa, a kunna babbar fanka ta hura iska mai sanyi har rigar ta kumbura. Sannan a kunna murhu, ta miƙe tsaye. Kwandon ba shi da ƙofa. Ta wasu ramukan taka ƙafa ake hawa a tsallaka. A nan ya kamata mai babbar riga ya ajiye ta a masauki, mai mayafi ko hijabi kuma ta tattara shi da kyau. Tufafin auduga sun fi na roba, takalmi ya zama mai rufi mara tsini, kuma hula tana da amfani, saboda zafin murhu a tsakiyar ka yake sauka. Kamfanoni galibi ba sa ɗaukar mai juna biyu, da ƙananan yara, da wanda bai daɗe da yin tiyata ba.

Abin da ya fi ba sabon hawa mamaki shi ne rashin motsi. Babu gudu a kan titi kamar na jirgi, babu girgiza. Mutum zai ga ƙasa ce kawai take janyewa. Tun da tare da iska ake tafiya, ba a jin bugunta a fuska, kuma tsakanin hurin murhu da na gaba shiru ne, har a riƙa jin carar zakara da haushin kare da muryoyin mutane daga ƙasa. Tafiyar takan ɗauki kimanin awa ɗaya, a tsayin da ya kama daga kan bishiyoyi zuwa mita ɗari biyar ko dubu, kuma nisan da za a ci ya danganta da iska: idan tana gudun kilomita 12 a awa, kilomita 12 za a yi.

Sauka ita ce wurin da ake bukatar natsuwa. Tun kafin a tashi matuƙi zai koya wa kowa tsayuwarta: a juya baya ga inda aka nufa, a ɗan durƙusa, a riƙe igiyoyin da ke jikin kwando da hannu biyu, a ajiye waya. Idan da 'yar iska, kwandon yana iya bugun ƙasa ya yi tsalle, ko ya kwanta a ja shi 'yan mitoci. Wannan ba haɗari ba ne. Haɗarin shi ne wani ya yi gaggawar fita kafin a ba shi izini, domin nauyi na raguwa sauran za su koma sama. Duk tsawon tafiyar kuma akwai mota a ƙasa tana bin su, suna magana da matuƙi ta rediyo, ita ce za ta kwashe mutane da kaya.

Ba a rasa asarar rayuka. Ranar 26 ga Fabrairu, 2013, wuta ta kama wani a Luksor yana dab da sauka, mutum 19 suka mutu. Ranar 30 ga Yuli, 2016, wani ya faɗa kan manyan wayoyin lantarki kusa da Lockhart a Jihar Texas, duka mutum 16 da ke ciki suka rasu, kuma masu bincike sun ɗora laifin a kan shawarar tashi cikin hazo da gajimare. Wuta da wayar lantarki da iskar da ta sauya ba zato su ne manyan musabbabai. A ƙa'idojin sufurin sama na duniya, balan-balan mai ɗaukar mutane jirgi ne: sai da rajista, sai da matuƙi mai lasisi, sai da duba lafiyarsa a kai a kai. Fasinja yana da haƙƙin ya tambayi waɗannan, da inshora. Kamfanin da ya soke tafiya saboda iska, ya mayar da kuɗi, ya fi cancantar a amince da shi a kan wanda bai taɓa sokewa ba.

Kwarin Rima daga sama

A nan gida, da za a tashi, akwai abin kallo. Gulbin Rima yana gangarowa ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, ya bi ta Goronyo da Wurno kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato, wanda shi kuma ta ƙasar Rabah yake biyowa. Iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take kaɗawa. Wato wanda ya tashi daga wajen Goronyo da sanyin safiya, iska za ta bi da shi kusan tsawon kwarin. Tsakanin garin Goronyo da Wurno kimanin kilomita 30 ne a miƙe, don haka tafiyar awa ɗaya ba za ta haɗa su ba, sai dai a ci sulusi ko rabi.

Babban abin da zai fara cika ido shi ne madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, mai tsawon kimanin kilomita 12, da aka gina domin ta riƙe sama da kubik mita miliyan 900 na ruwa. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita, kuma ruwanta ne ke shayar da gonakin rani da ke ƙasa da ita, ya kuma taimaka wa ruwan shan birnin Sakkwato. Daga sama ne mutum zai fahimci faɗin fadamar, ya gane yadda ambaliyar Satumban 2010 ta sami hanyar shafe ƙauyuka da gonaki har ta yanke gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Da rani kuwa kwarin koren zare ne a tsakiyar ƙasa mai launin toka: fangalin shinkafa da alkama, da albasa, da tafarnuwar da aka san Wurno da Goronyo da ita, da gonakin da ke shan ruwa daga madatsar Lugu. A kan tudu gawo ne zai fi fitowa, tun da shi da rani yake ganye.

Garin Wurno yana kan tudu ne yana kallon fadama, abin da ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaɓe shi ribaɗi. A nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Kudu da shi, kimanin kilomita 20, Rabah ce, mahaifar Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, inda ya yi hakimci tun daga 1934. A tsayin mita 500, idan gari ya washe, ido yana kaiwa kimanin kilomita 80, wanda ya isa a haɗa Wurno da Rabah da Goronyo da Sakkwato a kallo ɗaya.

Tsaunukan nan masu shimfiɗaɗɗen kai da ke gefen kwarin su ma da labarinsu. Masana ilimin duwatsu sun tabbatar da cewa teku ya taɓa rufe wannan yanki sama da shekara miliyan 66 da suka wuce, har suna kiran wasu jerin duwatsun da sunayen Taloka da Dukamaje da Wurno. A cikinsu aka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa da aka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. Sunan Goronyo ya daɗe da shiga littattafan kimiyya na duniya, ko da mutanen garin da dama ba su sani ba.

Wane lokaci iska za ta yarda?

Idan aka bi shekara wata-wata, kwanakin da suka dace ba su da yawa. Bazara ta fita daga lissafi: daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, safiyar ma ba ta da sanyin kirki, ga guguwa. Damina ma haka, domin hadarin da ke tasowa daga gabas iska mai ƙarfi yake turowa a gabansa, kuma balan-balan ba ya iya gudu ya tsere. Masu ɗaukar fasinja ba sa son iskar ƙasa ta wuce kimanin kilomita 15 zuwa 18 a awa.

Hunturu ne ke da sanyin da ake so, a Disamba da Janairu, amma da matsala biyu yake zuwa. Ta farko hazo. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi takan rufe gari har jiragen sama su kasa sauka a Sakkwato da Kano, alhali matuƙin balan-balan da ido kawai yake aiki, kuma sai ya hango wayar lantarki kafin ya kauce mata. Ta biyu ta fi ɓuya. A yankin Sahel, da rani, akwai wata iska mai gudu da ke kafuwa cikin dare a 'yan ɗaruruwan mitoci sama da ƙasa, alhali a ƙasa ko ganye ba ya motsi. Da hantsi ya yi sai ta sauko. Duk wanda ya zauna a ƙasar Sakkwato ya san yadda safiyar hunturu kan fara lumui, can wajen ƙarfe tara iska ta tashi da ƙura. Wanda ya yi jinkirin sauka, a cikinta zai dira.

Abin da ya rage shi ne ɗan tsakanin nan na kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya yi kauri, da kuma wasu ranakun Fabrairu idan gari ya washe. Sai dai kaka lokacin girbi ne. Dammunan gero da dawa suna gona, kara ya bushe, rumbuna sun cika, kuma abin da ke saukowa yana ɗauke da tukwanen gas da harshen wuta mai tsawon mitoci. Ƙarar murhun kuma tana firgita dabbobi. Garken shanu ko ayarin raƙuma da ya watse ya faɗa gonar albasa rigima ce da ba a san inda za ta tsaya ba. A ƙasashen da harkar ta kafu, matuƙa suna da taswirar gonakin da aka hana su sauka, suna da yarjejeniya da manoma, kuma ana biyan diyya idan an yi ɓarna. A nan sai an bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, a sanar da kowane ƙauye da ke kan hanyar iska, kafin a kunna murhu.

Babban shingen

Duk waɗannan ana iya shawo kansu da kuɗi da tsari. Izini yana hannun Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, hasashen iska yana wurin NiMet, kuma dole a yi aiki da masu kula da zirga-zirgar Filin Jirgin Sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato. Wanda ba ya hannun mai kamfani shi ne tsaro.

Gabashin Sakkwato ya shafe shekaru cikin bala'in 'yan bindiga. A Yulin 2018 an kashe gomman mutane a Tabanni da ke Ƙaramar Hukumar Rabah. Ranar 17 ga Oktoba, 2021, aka kai hari kasuwar Goronyo, gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Wata guda kafin nan an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Goronyo da Rabah, kuma a Maris na wannan shekara Gwamnatin Tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Jihar Zamfara, wadda ke maƙwabtaka da Rabah. Abin hawan da ke tafiya a hankali, a ƙasa-ƙasa, da launin da ake hangowa daga nesa, wanda kuma bai san inda zai sauka ba sai saura mintuna, babu abin da ya fi shi rauni a irin wannan wuri. Motar da ke binsa tana bukatar hanyar da za ta bi da asuba ba fargaba. Mutanen ƙauye kuma, waɗanda suka saba cewa abin da ke zuwa ba sanarwa ba alheri yake kawowa ba, suna da hujjar da ta fi ta mutanen Gonesse idan suka ɗauke shi abokin gaba. A ganina duk wanda ya zo da tallar shawagi a wannan kwari kafin manomin Gandi ya iya kwana a gonarsa, bai san ƙasar ba, ko kuma bai damu da fasinjansa ba.

Akwai mataki ɗaya da bai dogara da wannan ba, shi ne balan-balan ɗaurarre. Ana ɗaure shi da igiyoyi uku ko huɗu a jikin motoci masu nauyi, ya hau mita 20 zuwa 30, ya yi 'yan mintuna, a sauko da shi a sauya fasinja. Ana yin haka a wuraren baje koli da bukukuwa a ƙasashe da dama, kuma fili mai faɗi da babu wayar lantarki kusa, da safiya mai kwanciyar iska, da matuƙi mai lasisi sun wadatar. Daga tsayin mita 30 ido yana kaiwa kusan kilomita 20. Daga bakin garin Wurno, wannan ya isa a ga fadamar tun daga gindin tudu har ƙetaren gulbi.